Ranar da Na Kai Wanki Hatta

A farkon shekarar 2012 na gaya wa maigidana cewa gida zan koma. Ban yi kuka ba, ban ɗaga murya ba. Yana cire takalmin aiki a bakin ƙofa na ce masa bizar ziyarata ta kusa ƙarewa, kada ya wahalar da kansa wajen nema mini ta zama, ya saya mini tikiti kawai. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, ya dube ni, ya ce, "To." Da zagina ya yi da ban ji haushin da na ji ba.

A ƙauyenmu aka ɗaura mana aure, can gindin duwatsun kudancin Kaduna. Bayan biki ya koma Dubai, inda yake gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, wato esi, a manyan ɗakunan ajiyar kaya na Jebel Ali. Ni kuma na zauna wajen iyayensa har ya samu hanyar kawo ni. Ranar tafiyata matan cocinmu suka rako ni tasha da waƙa, kowa na cewa na tsallake wahala.

Abin da na tarar shi ne falo guda a unguwar Al Warsan da aka yanyanka da katako, kowane iyali da ɗan lungunsa. Tagarmu tana kallon bangon wani sito. Maigida ya fita tun gari bai waye ba, ya dawo tiƙis, ya ci abinci, barci ya kwashe shi da cokali a hannu. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, amma ba na jin yarensu, ba sa jin nawa, sai murmushi a ƙofar banɗaki. Ni da aka sani da surutu, har surukata tana cewa ko rediyo yana hutawa, sai ga ni ina wuni bakina a rufe.

Cikin duk abin da ya dame ni, wanki ya fi ci mini rai. Injin wanki ɗaya ne a gidan, kowane iyali da ranarsa. An hana shanya a baranda, don haka a cikin ɗaki nake ɗaura igiya, iskar esi ta busar da kayan. In na ɗauko zani in ɗaura sai in ji ƙanshin miyar wasu a jiki. A gida kuwa ranar Asabar ta rafi ce. Mu ɗauki kaya a ka mu gangara, mu buga a kan dutse, mu shanya a kan dutse, duk labarin da ke garin a can ake jin sa. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba sai da na rasa shi.

Ana cikin wannan shiru tsakaninmu, wata Alhamis ya dawo da magana. Injiniyan da yake aiki a ƙarƙashinsa, wani Bature, tafiya ta kama shi ta kwana biyu, kuma wanda ya saba bar wa karnukansa ba ya nan. Ba a shiga da kare gidanmu. Shi ne Baturen ya ba shi motarsa a-kori-kura da tanti, ya ce ya kwashi karnukan ya kai su wani gari mai suna Hatta su yi hutun Juma'a da Asabar a can, sun saba da wurin.

"Akwai duwatsu," in ji maigida, yana kallon kwanon abincinsa. "Akwai tafki. An ce har matsirga akwai, ruwa na zubowa daga kan dutse kamar na gida. Ki zo ki gani kafin ki tafi."

Ni dai kalma ɗaya na ji cikin maganarsa, ruwa. Da safe kafin ya ɗauko motar na kwance zanen gado, na tattara zannuwana, rigunan aikinsa, tawul, har labulen ƙofar lungunmu, na cusa a jakar gana-mas-go. Na ɗauki bokiti da sabulu da bula. Da ya ga ina jan jakar zuwa mota sai ya ce, "Amarya, wannan fa?"

"Wanki."

"Shan iska za mu je fa, ba rafi ba."

"Ba kai ka ce akwai ruwa ba?"

Ya yi dariya har da jingina da mota. Rabona da jin dariyarsa an daɗe, amma tunda ni yake yi wa sai na sha kunu na shige gaba.

Karnukan biyu ne. Ɗaya dogo siriri, irin na farautar Larabawa, cikinsa a ɗame kamar bai taɓa ƙoshi ba. Ɗayar tsohuwa ce, gajeruwa, mai ƙiba, tana numfashi da ƙyar. Kowanne da kwanonsa, da 'yar katifarsa, da buhun abincinsa na kanti. Mahaifina maharbi ne, na tashi cikin karnuka, amma namu ɓawon tuwo suke ci su kwana a bakin rumbu. Na ce wa maigida waɗannan sun fi mu wurin kwana. Ban rufe baki ba tsohuwar ta miƙo kai daga kujerar baya ta ɗora haɓarta a kafaɗata. Na ture ta, ta dawo. Na sake turewa, ta sake dawowa, sai na ƙyale ta.

Muka bar gine-gine a baya, muka shiga jan yashi, can sai duwatsu suka fara tasowa. Ba irin namu ba ne. Namu suna da ciyawa da itatuwa da birai, waɗannan kuwa tsirara suke, baƙi da ja, ko tsinke babu. Duk da haka dutse dutse ne, gida ya faɗo mini a rai da na gan su. Ban nuna masa ba.

Tafkin dam ne aka yi tsakanin duwatsun, ruwansa kore shar, a kwance ko motsi ba ya yi. Iska mai sanyi tana busowa. Na cire takalmi na taka ƙasa, tsakuwa tana sukar tafin ƙafata, na ji daɗin sukar. Maigida yana can yana kokawa da sandunan tanti, karnuka suna zagaya shi, ni kuwa na ja jakata zuwa bakin ruwa, na zaɓi wani faffaɗan dutse, na zazzage kaya. Na ɗebi ruwa a bokiti ke nan, na ɗauko sabulu, sai ga wani dattijo mai gadi yana saukowa da sauri yana kaɗa hannu.

"Madam, madam, mamnu'. No washing."

Maigida ya rugo ya tsaya tsakaninmu, suka yi ta yi da guntun Larabci da guntun Turanci. Sannan ya juyo ya ce mini an hana wanki, an hana wanka, an hana sa sabulu.

"To me ake yi da ruwan?" na tambaya.

Ya sosa ƙeya. "Kallo."

Akwai wasu iyali a gefe suna ɗaukar hoto, duk suka juyo. Ga zanen gadonmu da ɗan kamfai a fili, ga ni riƙe da sabulu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai gadin bai yi mini rashin mutunci ba, har ya sunkuya zai taya ni kwashewa, na ce masa ya bari. Na mayar da komai cikin jaka, na wurga ta bayan mota, na ce a raina lallai ƙasar da ake ajiye ruwa don kallo ba tawa ba ce.

Da la'asar na jera duwatsu uku na hura gawayin da muka zo da shi, don ko kara ɗaya ba za ka tsinta a wurin ba. Na yi dafa-duka da busasshen kifi. Karnukan suka shinshina abincinsu na kanti suka bar shi, suka zo suka zauna a gabana suna kallon tukunya. Na zuba musu, suka lashe kwano tas. Rana ta faɗa bayan dutse, ruwan ya koma baƙi, sanyi ya sauko. Maigida ya ce, "Gobe sai matsirga." Na ce, "Ita ma ta kallo ce?" Ya tashi ya wanke tukunyar da ruwan jarka.

Washegari muka naɗe tanti, muka yi 'yar tafiya a mota zuwa bakin wani kwari, inda hanya ta ƙare. Ina gyara ɗankwali sai na ga ya cire rigarsa ta sama ya naɗa gammo, ya ɗora gana-mas-go ɗin a ka, ya rataya bokiti a hannu.

"Ina za ka da shi?"

"Na je wajen mai gadin da sassafe," ya ce. "Ashe su ma a garinsu a kogi matansu ke wanki. Ya ce can sama ba dam ba ne. A ɗebi ruwa a bokiti a yi nesa da shi, kada sabulu ya koma ciki, akwai kifaye. Maza, mu tafi kafin rana ta yi."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ko a gida ban taɓa ganin ya ɗauki kaya a ka ba, ga shi wuya a sandare, jaka tana rangaji. Na ce masa gammon ya karkace. Abin da na iya faɗa ke nan.

Kwarin busasshen rafi ne, duwatsu manya da ƙanana zube, sai ka zaɓi inda za ka sa ƙafa. Dogon karen ya yi gaba, ya ɓace, ya dawo ya duba mu, ya sake ɓacewa. Tsohuwar kuwa tana biye da ni tana haki. Rana ta fara zafi. Muka wuce wata 'yar gonar dabino, muka wuce awaki a kan dutse suna kallonmu, har yanzu babu alamar ruwa. Da muka kai wani hawa sai tsohuwar ta kwanta a inuwar dutse, ta miƙe ƙafafu, ta ce ita ta gama. Muka kira, muka lallaɓa, muka ba ta ruwa, ko gezau. Na duba tafin ƙafarta, tsakuwa ta goge shi ya yi ja.

Ba a barin amanar mutane a daji. Maigida kuma kansa da kaya, hannunsa da bokiti. Na yi tsaki, na sa ya sunkuyo, na zaro zani ɗaya daga jakar, tunda da ma wanki zai sha. Na ciccibi karyar nan na ɗora a baya na goya ta, na ɗaure tam. Nauyinta ya kai na yaron da aka yaye. Ta zuro kai ta gefen wuyana tana huci a kunnena, hankalinta kwance. Maigida ya cije leɓe, kafaɗunsa suna rawa, jaka tana neman faɗowa.

"In wani ya ji wannan a gida," na ce masa, "ni da kai ne."

"Ban ga komai ba, Amarya."

Dogon ne ya fara samun ruwan. Ya dawo jikinsa jiƙe yana girgiza mana a ƙafa. Muka zagaya wata kwana sai ga kore, ciyayi dogaye da wasu furanni ja-ja, da ɗan kududdufi garai-garai, ƙananan kifaye suna yawo a ciki. Ruwa yana sulalowa daga tsagar dutse a sama, kaurinsa bai fi na hannuna ba. Na tuna matsirgar gida da damina, wadda in kana kusa sai ka yi ihu kafin na gefenka ya ji ka. Dariya ta kubce mini.

"Maigida, wannan ce matsirgar? Ai famfon makarantarmu ya fi ta."

Ya sauke jakar a hankali, ya yi tsuru-tsuru. "Ni ma yau na fara ganinta. A bakin Bature na ji."

"Duk shekarun nan ba ka taɓa zuwa ba?"

"Ina na sani ban da ɗaki da wajen aiki da coci?"

Na kwance karyar, ta tafi bakin ruwa tana ɗingishi. Na gangara ƙasa da kududdufin, nesa kaɗan, na sami dutse mai faɗi da santsi inda ruwan sabulu zai nutse cikin tsakuwa. Na ce masa ya fara ɗebowa.

Ya yi ta sintiri da bokiti, ni kuma na ɗaure zani a ƙugu na duƙa. Na saɓa, na cuɗa, na ɗaga rigar aikinsa na buga a kan dutse, ƙarar ta tafi cikin kwarin ta dawo. Hannuna bai manta komai ba. Baƙin mai ya yi ta fita daga wuyan rigunan, wanda inji bai taɓa fitarwa ba. Ban san lokacin da na fara waƙar zumuntar matan cocinmu ba, sai da na ji ya tsaya a bayana da bokiti bai zuba ba.

Da na zo kan zanen gado na ɗauraye shi, sai na ɗaga kai don in kira wadda za ta kama mini ɗaya bakin. Mutum ɗaya ba ya matse zanen gado. A rafinmu ba ka ma kira, wata za ta miƙo hannu tana ci gaba da labarinta. Na duba hagu da dama, duwatsu ne da karnuka biyu.

Ya ajiye bokiti ya zo ya kama. Sai dai duk inda na murɗa nan yake bi, zanen yana ta juyawa a banza.

"Ba haka ba. Ni in yi dama, kai ma ka yi damarka. Riƙe da ƙarfi."

Ya gyara. Zanen ya fara ɗaurewa, ruwa yana tsiyaya a ƙafafunmu, yana gajarta yana jawo mu kusa. Idona a kan zanen, hannuna yana aiki, sai na ji maganar tana fita da kanta, yadda take fita a rafi.

"Ka san ina wuni ban ce wa kowa uffan ba? Har muryata nake gwadawa a banɗaki in ji ko tana nan. Na ce maka zan tafi, ka ce mini to. Ko akuya ce ta ce za ta tafi ai ka tambaye ta dalili."

Ya ci gaba da murɗawa har jijiyoyin hannunsa suka fito. "Na san dalilin," ya ce. "Ni na kawo ki. Ina ganin kina ramewa. Da wane baki zan ce ki zauna, me na ajiye miki?" Ya ƙara murɗa zanen. "Shekarata ta farko, akwai inda ruwan esi ke ɗiga a bayan sito, har ciyawa ta fito. Lokacin hutu can nake zuwa in cire takalmi in tara ƙafa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. A waya sai in ce muku lafiya lau."

"Ni ma haka nake ce wa Mama."

"Ba na so ki tafi," ya ce. "Tun ranar da kika faɗa ban yi barcin kirki ba."

"Da ciwo bakinka yake yi?"

Zanen ya ƙare, hannunsa ya taɓa nawa. Muka warware shi, muka kaɗa tare, muka shimfiɗa a kan dutse. Na ce masa ko da zan zauna, ba zan ƙara wuni a cikin akwatin katakon nan ba. Sai a lokacin ya faɗa mini cewa akwai wata mata a coci, 'yar wajenmu, da ke dafa wa 'yan kasuwar Kano tuwo da miya a unguwar Deira, kuma ta sha tambayarsa ko zan zo in kama mata. Ya ɓoye mini don kada a ji a gida cewa ya kai matarsa Dubai tuƙin tuwo.

Na riƙe ƙugu na dube shi. "Wato akwai inda ake Hausa daga safe har yamma, ana tuƙa tuwo ana gardama, ka bar ni ina hira da bango don kada a yi da kai?"

"Na ɗauka hutu nake ba ki."

"Allah ya shirye ka," na ce, na miƙa masa bokiti. "Saura labule."

Kafin rana ta raba, duwatsun nan tsirara sun sha ado. Atamfofina ja da ruwan ɗorawa, rigunansa shuɗɗa, tawul, labule, kowanne na danne shi da tsakuwa. Wasu masu yawon hawa dutse suka wuce da sandunansu, suka tsaya suna kallo, wata a cikinsu ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata. Muka zauna a inuwa muka ci burodi da kifin gwangwani, ƙafafunmu cikin ruwan sanyi, kifayen suna tsattsakurar yatsunmu. Tsohuwar ta fito daga taɓo ta bi ta tsakiyar farin zanen gadon, ta bar sawunta daga wannan baki zuwa wancan. Na kore ta da ɗankwali, amma ban sake wankewa ba.

Rana a can ba ta wasa, nan da nan komai ya bushe ƙayau. Ina ninkewa ina kai kowane zani hancina. Ƙanshin rana ne da dutse mai zafi, babu na kowa a ciki. Na cika jakar, ya ɗora a ka, na sake goya karyar ba tare da an roƙe ni ba, muka kamo hanyar sauka.

Yana gaba ina baya. Bai tambaye ni komai ba, na kuma san ba zai tambaya ba, haka Allah ya yi shi. Ina kallon bayan wuyansa, gumi yana gangarowa daga ƙarƙashin gammo. Mun kusa gonar dabinon nan na ce, "Gobe in ka shiga aiki ka fara maganar bizar zaman. Ranar Juma'a kuma ka nuna mini matar nan."

Ya yi taku biyu ya tsaya. Ya sauke jakar a tsakiyar hanya, ya nemi dutse ya zauna, ya rufe fuskarsa da tafin hannu biyu.

"Ɗauke mini kaya daga ƙasa," na ce, "yanzu na wanke su."

Ya gyaɗa kai, amma bai iya tashi ba. Sai na gyara goyona, na zauna kusa da shi, muka jira har ya gama.